Shekarar da Na Ɗinka Wasan Babanku a Hula

Duk sanda kuka je ƙauye gaisuwar sallah kuka dawo, ina ganin abin a fuskarku ko ba ku faɗa ba. Na san an sake zaunar da ku an gaya muku cewa boko ne ya ɗebi babanku, ya tsallake ya bar tsohonsa da fartanya a hannu a shekarar da aka fi shan wuya, ya taho birni cin daɗi. Shi ya riga mu gidan gaskiya, kuma ko da yana da rai ba zai kare kansa ba, don ba halinsa ba ne. To ni halina ne. Ba na iya jin karkatacciyar magana in bar ta ta kwana. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan da hannuna, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci bayan na yi furfura. Ba babanku ne ya ce a tashi ba. Ni ce, Rabi, kuma ga yadda aka yi.

Ƙauyenmu yana gefen Rimin Gado, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba ko tsiron lalle. Gandu ɗaya muke da kakanku, Baba Malam Garba. Noma ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kakarku Inna ce mai auna hatsi ni ce mai daka. Babanku shi kaɗai ne namiji a wurinsu, 'yan'uwansa mata duk suna gidajen aurensu. Yana koyarwa a firamare, amma da ya taso zai tuɓe rigar makaranta ya bi Baba gona. Sai aka yi damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na shirin fitar da kai. Rumbun da ake shiga da tsani ya koma sai an sunkuya an kankare ƙasansa. Albashin malamai kuma ya zama labari, a ce wata mai zuwa, watan ya zo a ce mai zuwa. Muka koma kwaɗon zogale da tafasa, ranar da aka samu garin rogo ranar ce sallah. Samarin gari wasu suka nufi madatsar ruwa ta Watari ƙodagon noman rani, wasu suka yi kudu. Ni abin da nake da shi allura ce. Wata dillaliya mai suna Yalwa tana kawo mana farin yadin hula da mai zane ya riga ya zana a birni, mu bi zanen da zare, ta dawo ta karɓa ta ba mu ɗan abin da ba ya kai ko'ina. Mata duk gari ɗinki suke, zanen kuma iri ɗaya ne, ga shi ba mai sayen hula da yunwa a cikinsa.

Ni dama tun ina yarinya ban iya zama ba. A shekarar nan abin ya ƙaru, na kasa zaune na kasa tsaye. In leƙa rumbu, in dawo in leƙa tukunya, in fita tsakar gida in ɗaga kai in kalli sama kamar ni aka ba ajiyar hadari. Babbar yayarku tana goye a lokacin, nonona ya janye, gashin kanta ya fara ja yana kakkaryewa. Kukanta ma ya daina ƙarfi, wannan ne ya fi komai tayar mini da hankali.

A cikin wannan hali babanku ya tsiri wani abu. Da la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ɗauko takarda da rula, ya ja layuka a tsaye ya ja a kwance har takardar ta cika da ƙananan gidaje. Sai ya bi wasu gidajen ya cike su da baƙin biro, ya bar wasu farare. Ya ɗaga takardar ya kalla, ya juya ta ƙasa ta koma sama, ya sake kalla. In ya gama sai ya fara damun mutane da tambaya.

"Inna, wane zane ne ake yi a bangon soro, layi ya shiga layi ya fita, ba a gane inda ya fara?"

"Dagi mana. Kai yanzu dagin ma sai an gaya maka?"

"Na sani, Inna. So nake in ji ko tambayar ta fito."

Sai ya juyo kaina.

"Rabi, wace tufa ce mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo?"

"Saƙi."

"To kayan aikin wanzami da ya koma ado a gaban babbar riga fa?"

"Aska. Malam, ni fa ina da abin yi."

Haka zai bi su, tambari, bille, barage, har zanen da ake ƙona wa ƙwarya sai da ya tambayi Inna sunansa. Baba yana daga zaure yana gyaran igiya yana jin komai. Wata rana ya kasa haƙuri ya ɗaga murya.

"Kai! Mutane suna neman abin da za su sa a baki, kai kana neman sunan ado?"

Babanku ya sunkuyar da kai ya ci gaba da baƙanta gidajensa.

To ni a nan na yi nawa lissafin, kuma har gobe ina cewa duk mai ɗinkin hular da ta ga abin da na gani haka za ta ɗauka. Mutum ya zana gidaje baƙi da fari, ta ko'ina ka juya takardar daidai take, hagu ta amsa dama, sama ta amsa ƙasa, kuma bakinsa bai daina ambaton dagi da aska da tambari ba. Na ce a raina, wayyo bawan Allah, talauci ya sa ya koma mai zanen hula, kunya ce ta hana shi faɗa, kada a ce malamin makaranta ya shiga sana'ar mata. Tausayinsa ya kama ni. Na ce bari in rufa masa asiri in sauƙaƙa masa. Da Yalwa ta zo na ce ta ba ni yadi fari fat, wanda ba a zana ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, me za ki bi in ba zane?"

"Ke dai kawo."

"In kika ɓata mini yadi, wallahi ba ruwana da yunwar da ake yi, sai kin biya."

Na zaɓi takarda ɗaya a cikin nasa, wadda bai sa mata rubutu ba tukuna. Na haɗa ragowar baƙin zare da shuɗi da ɗan ruwan ƙwai da nake ɓoyewa a gwangwani. Ba zane a jikin yadi, don haka da ido nake ƙirga silin yadin ina tayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, in na kai ƙarshen takarda in sake farowa, har zanen ya zagaye hular ya haɗu da kansa. Sai ya tafi makaranta nake ɗaukowa. Na warware ya fi a ƙirga. Inna ta gani ta taɓe baki ta ce wannan ai gidan dara ne, wa zai ɗora dara a kansa. Ban kula ta ba. A kwanakin nan ne kaɗai na samu na zauna wuri ɗaya, don in hannuna yana aiki zuciyata tana ɗan lafawa.

Ranar da na gama, na jira ya zauna a tabarmarsa, na durƙusa na ajiye masa a gaba.

"Ga shi, Malam. Ba sai ka ɓoye mini ba. Sana'a ai ba abin kunya ba ce."

Ya ɗauki hular ya jujjuya. Ya dubi takardunsa, ya dubi hular, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya. Mutumin da na manta yadda haƙoransa suke, ya yi dariya har da riƙe ciki, har hawaye, har Inna ta fito da muciya a hannu tana salati.

"Rabi! Wasa ne fa! Wasan jarida ne kika ɗinka!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya share ido ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ashe wasan cike gurbi ne da ya gani a jaridun Turanci tun yana kwalejin horon malamai. Fararen gidajen wurin haruffa ne, baƙaƙen kuma katanga ce tsakanin kalma da kalma. A ƙasa ake jera tambayoyi, mai karatu ya nemo amsa ya rubuta, wata a kwance wata a tsaye. Ya nuna mini inda dagi ya kwanta aska ta sauko ta ratsa shi. Burinsa ya yi irinsa da Hausa, duk a kan zane da ado, ya aika wa jarida, ko a buga a ba shi wani abu, ko ba a ba shi ba ya ga sunansa. Har ya aika wasu, shiru.

Na ce, "Wato duk zaren nan nawa a banza?"

Ya ce, "Wallahi ta yi kyau. Sai dai ba wanda zai iya cike ta."

Na fizge hulata na shige ɗaki. Da Yalwa ta zo na miƙa mata ina kau da kai, ina jiran faɗa. Ta jujjuya ta tana kallo, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irinta ba, za ta kai, in an ƙi ta dawo da ita.

Ba ta dawo da ita ba. Kasuwar da ta zagayo sai ga Yalwa tun da hantsi, ko sallama ba ta gama ba ta zube ƙullin gero da yadi da zare a tsakar gida. Ta ce Alhajin da take kai wa huluna ya sa an wanke ta an buge ta, bai kai ga ajiye ta a shago ba wani ya cire hular da ke kansa ya ɗora wannan. Yanzu ana ta tambaya. Amma ya ce kada a maimaita, kowace hula da nata zanen, don masu sayen ba sa son su haɗu da irinta a kan wani. Na dubi babanku. Shi da yake da takardu cike da jaka, ba biyu iri ɗaya. Ranar aka yi tuwo a gidan, na dama wa yayarku kunu ta sha har ta yi gyatsa. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka.

Amma hannuna ɗaya ne, hula kuma tana cin lokaci, Yalwa ba kullum take zuwa ba, geron da ta kawo ya ƙare kafin ta dawo. Zuwanta na gaba ta zo da magana. Alhaji yana da gida a Bacirawa, bakin birni, mata da yawa suna yi masa ɗinki a unguwar. Yana son mai zanen a kusa, ya riƙa zanawa a yadi ana rabawa, ni kuma in nuna musu yadda ake tayar da gidajen. Zai ba mu ɗaki. Amma yanzu yake so, kafin wasu su kwaikwaya su riga shi. Lokacin kuwa bazara ta kai ƙarshe, an gama sharar gona, Baba ya kai taki da jaki ya tsuttsuge, kowa idonsa na gabas.

Daga ranar gidan ya rasa sukuni. Babanku ya daina zama a tabarma. Ya fita zaure ya dawo, ya nufi gona ya juyo daga hanya. Na ce ya yi wa Baba magana, ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce Baba bai tashi da daɗin rai ba. Ni kuma na matsa masa lamba, ban bar shi ya sha ruwa da daɗi ba.

"Rabi, ni kaɗai gare shi. In na tafi wa zai riƙe masa gonar?"

"Ita kuma wannan da ke bayana, mu nawa gare ta?"

"Ruwa ya kusa."

"Bara ma ya kusa. Ya zo ya tafi ya bar mu."

Da na ga ba zai iya ba, na yi abin da suruka ba ta yi a garinmu. Na sa mayafi, na ce wa Inna ta raka ni zaure. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Rabi, kina da hankali kuwa?" Amma ta bi ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na kwance yayarku na ajiye ta a kan buzun Baba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ni gidan, ranar ma ban haɗa ba.

"Baba, na zo neman izini ne. Ku dubi yarinyar nan."

Ya dube ta. Ya daɗe yana shafa kanta.

"Na gani. Ba makaho ba ne ni. Ruwa zai zo, da yardar Allah."

"Allah ya kawo, Baba. Amma ko yau ya sauka, sai kaka za a ci. Ita ba za ta kai kaka ba."

"Shi ne ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

Ya gyara zama. Sannan ya ce:

"Ubana a gonar nan ya bar ni, ni ma a nan na so in bar shi. An yi yunwar da ta fi wannan ina yaro, ba wanda ya tsallake. Yanzu a ce gidan dara ne zai raba ni da ɗana."

Na ce su biyo mu, shi da Inna, in kaka ta yi a dawo. Ya yi wani murmushi da ban so ba, ya ce wa ya taɓa shuka gero daga Bacirawa. Ya ɗauki yarinyar ya miƙa wa Inna.

"Ku je. Ban hana ba. Allah ya raya ta."

Bai yi faɗa ba, bai yi baki ba, kuma duk wanda ya ce muku ya kore mu ƙarya yake. Da babanku ya ji, ya zauna a bakin rumbu ya haɗa kai da gwiwa. Bai ce mini na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya rubuta takardar barin aiki, muka ɗaure 'yan komatsanmu. Ranar da muka hau mota a Rimin Gado hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kafin mu shiga Kano an kece da ruwa. Duk motar ana hamdala, shi kuwa fuskarsa na jikin taga har muka sauka.

A Bacirawa mun ci, ba zan ɓoye ba. Yayarku ta murmure, gashinta ya dawo baƙi, ga ta nan yau da jikokinta. Babanku ya riƙa zana gidaje a yadi daga safe har yamma. Tun yana rubuta tambayoyin a gefe don kansa har ya daina, don ba mai hular da ke buƙatar tambaya. Jaridar ba ta taɓa bugawa ba. Ni kuma da na ɗauka in mun ƙoshi zan samu natsuwa, ban samu ba. Duk ruwan da aka yi sai in ji babanku yana juyi a shimfiɗa, ni ma in rasa sukuni. Da lokacin noman farko ya yi, ni da kaina na ce ya shirya mu je, ya yi wa Baba kwana biyu a gona. Ya yi murna kamar yaro. Muka auni gero da gishiri da sukari muka ɗauka.

Mun isa da hantsi. Daminar ta yi kyau, ko'ina kore shar. Muka bi ta gefen gonar gandu, sai muka ga rabinta an shuka, rabin kuwa ciyawa ce har gwiwa. Baba yana can tsakiya shi kaɗai, a sunkuye. Babanku ya ajiye buhu, ya tuɓe riga ya rataye a reshen gawo, ya tafi da sauri har yana tuntuɓe. Na bi shi a baya da goyo. Baba ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. Mutumin da tun da aka haifi ɗansa bai taɓa kiransa da komai ba sai "kai", ya goge hannu a jikin riga ya miƙa masa.

"A'a, Malam ne? Sannunku da zuwa. Yaya birni? Yaya iyali?"

Babanku ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai hannu zai ɗauki fartanyar da ke ƙasa. Baba ya sa ƙafa ya taka ƙotar.

"Haba Malam, ka sha hanya. Mu je gida ka sha ruwa."

"Baba, noma na zo yi."

"Allah ya yi albarka. Sa rigarka, kada ta yi datti a bishiya."

Ya kai mu gida da kansa. Ya sa Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, wadda ake ajiye wa liman da masu zuwa neman aure. Ya sa aka kama kaza ɗaya daga cikin biyun da suka rage aka yanka. Ya karɓi geron ya yi godiya har sau uku. Da babanku ya fara ci, Baba ya saɓi fartanyarsa ya ce a yi masa afuwa, rana tana yi, ya koma gona. Ina daga cikin gida ina hango babanku ta ƙofar zaure, a zaune a kan sabuwar tabarma a gidan ubansa, kwano a gabansa, loma a hannu ya kasa kaiwa baki.

Shekara da shekaru yana zuwa duk damina, kuma haka ake karɓarsa, da tabarma da kaza da godiya. Har Baba ya rasu bai bar shi ya kama fartanya a gonar nan ba. In da za a mayar da ni shekarar, da yarinyar nan a bayana, zan sake sa mayafi in je zaure. Amma ni na ci ribar tafiyar, shi ya biya, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce mini ni na jawo ba. In kun koma ƙauye aka sake ɗauko zancen, ku ce musu su bar shi ya huta. Ni ina nan da raina, su zo su same ni.